Tarbiyya a allo ko tarbiyya da tsintsiya?

Hanya biyu makaranta ke bi wajen koya wa yaro sanin ya kamata. Ta farko, a ware darasi: malami ya tsaya gaban allo ya yi bayanin gaskiya da riƙon amana, yara su kwafa. Kowa ya ji, ba laifi. Sai dai yaro na iya cinye makin tambayar amana, alhali amsar ma leƙen takardar na kusa da shi ya yi.

Ta biyu, a damƙa masa aiki. A Japan ɗalibai ne ke share ajinsu, su goge baranda, kusan kullum. Wanda ya durƙusa da tsumma yana kankare cingam a ƙarƙashin tebur, da wuya gobe ya manna wani. Ni dai nan hankalina ya fi kwanciya, ko da yake in malami ya yi sakaci, sharar takan koma kan masu ƙaramin ƙarfi, ƙarti na zaune suna hira.

Japan ɗin ma ba ta yar da darasin ba. A 2018 ta mai da tarbiyya fanni na musamman a firamare, amma ba a ba da maki, sharhi malami ke rubutawa kan kowane yaro.