Doki, jaki, akuya ko madubi: me za a samo wa dokin da abokin zamansa ya mutu?

Doki dabbar garke ce, ba ya jure zaman kaɗaici. Idan likitan dabbobi ya yanke cewa a hutar da ɗaya daga cikin dawakai biyu ta hanyar allura, wanda ya rage kan shiga haniniya, ya yi ta zarya a bakin shinge, wani ma ya ƙaurace wa abinci. Kafin a ciro kuɗi don sayen komai, a bar shi ya ga gawar ya shinshina, minti 30 zuwa awa ɗaya, ko har ya juya da kansa ya koma ga ciyawarsa. Wanda aka ɗauke masa aboki bai gani ba ya fi daɗewa yana nema. A tsaya a wurin, a kuma nisanta karnuka, domin maganin allurar yana nan cikin naman kuma yana kisa.

A kwanakin farko, ma'auni ne zai nuna ko akwai gaggawa. Doki mai kilo 500 yana buƙatar busasshiyar ciyawa kilo 8 zuwa 10 a rana, da ruwa kimanin lita 25, fiye da haka in ana zafi. Zafin jikinsa ya tsaya tsakanin digiri 37.5 da 38.5 a ma'aunin Celsius, bugun zuciya 28 zuwa 44 a minti. In ya kwana ya yini bai ci ba, ko kashinsa ya ragu, ko yana waiwayen cikinsa yana tonon ƙasa, a kira likita: cikin da ya zauna babu abinci shi ke jawo gyambo da murɗawar ciki. Wanda ke ci yana sha kuwa, akwai sararin yin zaɓi a tsanake.

Wani dokin shi ne zaɓi na farko, kuma sauran duk maneji ne. Doki ne ya fi iya sosa masa wuya, ya tsaya gadi yayin da yake kwance yana barci. A nemi wanda shekarunsa da halinsa suka zo kusa. Tsoho mai shekara 25 ba zai ji daɗin ɗan shekara 3 mai son guje-guje ba. Dandaƙaƙƙen doki ko goɗiya mai sanyin hali sun fi, ingarma kuwa a bar shi. In da hali a karɓi aro maimakon saye, saboda in ba su jitu ba sai a mayar. Ƙuru, wato doki mai ƙaramin jiki, ya fi sauƙin ciyarwa, sai dai yana saurin ƙiba, kuma ɗanyar ciyawa mai yawa tana kumbura masa cikin kofato har ya gurgunce. Idan babban dokin na cin hatsi, dole a raba musu wurin ci.

Inda aka fi yin kuskure shi ne ranar haɗuwa. Baƙon doki a killace shi mako 3, da bokitinsa da kayan gyaran jikinsa daban, ana auna zafinsa safe da yamma, saboda wata cuta mai yaɗuwa da ke kumbura ƙasan muƙamuƙi tana iya zuwa a jikin dokin da ake gani lafiya lau. Bayan nan su yi kwanaki suna ganin juna ta shinge biyu mai tazara. Ranar da za a sake su tare, a cire ƙarfen kofaton baya, a zaɓi fili marar lungu, a zuba ciyawa tuli uku nesa da juna. Harbi da cizo kaɗan ba abin tsoro ba ne. Kora marar tsayawa ita ce alamar a raba.

Jaki mutane na ɗauka araha ne, amma yana da nasa sharuɗɗa. Yakan ɗauki tsutsar huhu ba tare da ya nuna komai ba, dokin kuma ya kama tari, don haka a gwada kashinsa a ba shi magani kafin ya shigo. Abincin doki ya yi masa ƙarfi, ƙaiƙayi da kara marasa maiƙo sun fi masa. Gashinsa ba ya tare ruwan sama, sai da rumfa. Sannan jaki na iya haura shekara 30, kuma yana shaƙuwa ƙwarai. In dokin ya riga shi mutuwa, jakin kan daina ci, kitse ya cika masa jini, abin da ke kashe jakuna da yawa. Wanda ya saye shi don tsohon doki ya sani matsalar yau ce zai sake gani.

Akuya ko tunkiya suna rage kewa, musamman ga dokin da ke yini a barga. A zaɓi marar ƙaho. Akuya na tsallake shingen da ke tsare doki, tana kuma tauna wutsiya. Babban haɗarin yana cikin buhu: wasu abincin awaki, shanu da kaji na ɗauke da wani magani mai suna monensin, wanda kaɗan daga cikinsa ke lalata zuciyar doki. A ɗaya gefen, sinadarin jan ƙarfe da ke cikin abincin doki yana taruwa a hantar tunkiya ya kashe ta. A karanta jikin buhu, kowa ya ci nasa.

Madubi na wucin gadi ne. A sayi na roba mai ƙarfi ko na ƙarfe mai sheƙi, kar a kuskura a sa gilashi. A kafa shi daidai tsayin kai, nesa da kwanon abinci, a inda dokin zai iya kauce masa in ya so. Yana rage lilo da kai a bakin ƙofa, amma ingarma da mai zafin rai kan kai masa hari. Garin maganin kwantar da hankali da ake zubawa a abinci kuwa, hujjar amfaninsa ba ta da ƙarfi, kuɗin ya fi amfani a ciyawa.

Wanda ba zai iya riƙe dabba ta biyu ba, ya duba mayar da dokin wata barga mai dawakai, ko ya karɓi dokin wani ya zauna a filinsa a raba ɗawainiya. In tafiya za a yi, a tafi da ciyawar da ya saba ta kwana 10 zuwa 14, ana gauraya ta da sabuwar a hankali.