Wayoyin intanet da aka haɗa mana tsakanin shago da sito

Wata biyu kenan da muka sa aka haɗa mana wayoyin tebur ɗin nan masu kira ta intanet, uku a shagonmu na Kwari biyu a sito, don gaskiya na gaji da sayen kati kullum saboda tambayar "akwai kalar nan?" kawai. Injiniyan ya zo da rauta, wato na'urar da ke raba intanet, da ƙaramar na'urar da ke rarraba kira, ya ba kowa lambarsa 101 zuwa 105, ya gwada a cikin shago muka ji murya tar, ya karɓi kuɗinsa cif ya tafi.

Washegari wani Alhaji kwastomana na shekara da shekaru ya taso tun daga Maraɗi yana son bandir 40 na shadda, na danna 104 in tambayi sito, ina jin yaron sito yana ta sallama yana halo halo amma shi ba ya jina ko kaɗan, na ɗaga murya har maƙwabta suka leƙo, wajen daƙiƙa 30 kiran ya katse da kansa. Sau biyar ina sakewa. Alhaji dai ya ce "bari in zaga in dawo Alhaji", kuma kowa a kasuwa ya san ma'anar wannan maganar. Wallahi har yau abin na ci min rai.

Kwana uku ina kiran injiniyan yana cewa netwok ne, alhali da wannan intanet ɗin yara ke kallon bidiyo ba ko tsayawa. Ƙarshe yaronsa ya turo, kuma yaron nan Allah ya yi masa albarka, minti goma bai yi ba ya shiga saitin rautar sito ya kashe wani abu wai shi SIP ALG, ya ce shi ke taɓa adireshin da ke cikin saƙon kira sai muryar ɓangare ɗaya ta rasa hanya. Ya kuma kunna QoS don murya ta riƙa wucewa kafin bidiyo, ya ce kira ɗaya bai kai kilobit 100 a daƙiƙa ba, wato data kaɗan yake ci, layi kawai ake tare masa shi ya sa murya take kakkatsewa. Tun ranar kamar mutum na tsaye kusa da kai, ban ƙara sa katin kiran sito ba, a nan kam na yaba.

To amma fa sai ga ogan ya aiko wai in biya kuɗin zuwa na biyu, a kan aikin da shi bai gama ba! Kuma bai taɓa gaya min wayoyin daga suwic, wato akwatin da ake jona igiyoyinsu a ciki, suke shan wuta ta igiyar intanet ɗin ba, ranar da aka ɗauke wuta duk biyar suka mutu, sai da na nemo mai sola ya ɗora suwic da rauta kan inbata da kuɗina. Lambar yaron na karɓa, shi zan kira in za mu ƙara layi a sabon shago.