Tsohon gem ya ƙi tashi a Windows 11: me za ka saya, me za ka bari?

Ƙanena ya tono faifan Need for Speed Most Wanted na 2005 a kwalin tsofaffin kaya a gidanmu na Kubwa. Ya aro abin karanta faifai na USB, ya ɗora gem ɗin a sabuwar laftof ɗinsa, ya danna. Shiru kamar an shuka dusa.

"Yaya, ƙarfi ne ba ta da shi. Gobe zan shiga Banex a ƙara mini RAM."

Na ce ya riƙe kuɗinsa tukuna. Faifan yana da makullin hana kwafi mai suna SafeDisc, kuma tun fitowar Windows 10 a 2015 aka daina karɓar wannan makulli saboda tsaro. Ko RAM nawa ka zuba, ƙofar ba za ta buɗu ba.

Don haka fara karanta abin da allon ya rubuto, domin gyara da yawa ko sisi ba ya ci. In ya ce babu d3dx9_43.dll, sauke manhajar DirectX ta Yunin 2010 daga shafin Microsoft. Kada ka ɗauko fayil ɗin shi kaɗai daga shafukan da ba ka sani ba, ta nan ake kwaso bairos. GTA Vice City kuwa DirectPlay yake nema. Yana nan cikin Windows Features, ƙarƙashin Legacy Components, kunna shi kawai za ka yi. Wani gem ɗin, danna dama a kan alamarsa ka shiga Properties, sannan Compatibility, ka zaɓi Windows XP ya ishe shi. Na zamanin DOS, tsarin da ya gabaci Windows, irin su Doom na 1993, manhajar DOSBox ce maganinsu, kyauta. Masu taurin kai su ne faifan shekarun 1990 da manhajar girka su take 16-bit: Windows 11 duk 64-bit ce, ba ta jin wannan yare sai da tafinta irin manhajar OTVDM.

In duk wannan bai yi ba, sai a zo maganar aljihu.

Ni GOG na fi so, wani shagon wasanni na intanet. Tun 2008 suke sayar da tsofaffin wasanni da aka riga aka gyara don sabuwar Windows, babu makulli, kana iya ajiye fayil ɗin a filas ka girka ba tare da data ba. Sai dai ba da naira ake biya ba, to ka tabbata katinka na biyan kuɗin waje. Kuma ba kowane gem ke can ba. Na ƙanena babu shi.

Akwai masu cewa ka buɗe Windows XP a cikin VirtualBox, manhajar da ke kunna wata Windows a cikin taka. Manhajar kyauta ce, ta kuma isa ga wasanni masu sauƙin hoto. Ga tseren mota da ƙwallo kuwa wahalar banza ce, don tun fitowar VirtualBox 6.1 aka cire wa XP tallafin 3D a ciki.

Wanda ke da tulin faifai na shekarun 2000, gara ya nemi tsohuwar laftof ta hannu ya sa mata XP. Na ce XP, don ko Windows 7 an rufe mata SafeDisc da wani sabuntawa a 2015. Tafi shago da faifanka, a gwada a gabanka, ka ji ko abin karanta faifan na juyawa ba tare da gurnani ba. Duba tana da katin hoto na Nvidia ko ATI, don hoton Intel na wancan zamani rarrafe yake yi. Batirinta kuwa da wuya bai mutu ba, ga halin wutarmu, saboda haka sa kuɗin sabo a lissafi kafin ka yi tayi. Kuma kada ta ga intanet: tun Afrilun 2014 XP ta daina samun kariya.

Irin wannan laftof ƙanena ya saya a ƙarshe, wata baƙa mai kaurin bulo. Fankarta na ihu kamar injin markaɗe, shi kuwa yana ta tsere wa 'yan sanda har aka kira magariba.