Sharhi kan Nairobi Expressway: sauri a sama, cunkoso a ƙofa

Nairobi Expressway babban titi ne na biyan kuɗi a Nairobi, babban birnin Kenya. Tsawonsa kilomita 27 ne. Ya tashi daga Mlolongo, ya gifta ta filin jirgin sama na Jomo Kenyatta, ya bi saman Mombasa Road da Uhuru Highway, ya sauka a mahaɗar James Gichuru da ke yankin Westlands. Kamfanin CRBC na ƙasar Sin ne ya gina shi, aka buɗe shi a 2022, kamfanin Moja Expressway kuma ke karɓar kuɗin wucewa. Kimanin kilomita 11 na ɓangaren cikin gari duk gadar sama ce.

Tuƙi a kansa akwai daɗi: kwalta sumul, ba danja, ba shataletale, ba masu tsallaka titi. An hana babura da Keke Napep hawa. Iyakar gudu kilomita 80 a awa, kuma a kiyaye ta, don an yi munanan haɗurra a shingen biyan kuɗi na Mlolongo a shekarar farko, inda motoci suka iso da gudu suka afka wa na kan layi.

Kuɗin ya danganta da inda ka shiga da inda ka fita. Daga farkon 2024 ƙaramar mota na biyan shilin 170 zuwa 500 na Kenya. Wanda ya liƙa na'urar biya a gilashin mota, sandar za ta ɗaga masa ba tare da ya tsaya ba. Mai biya a taga kuwa sai ya bi layi, kuma a nan ribar take fara zubewa.

Babbar matsalar tana wuraren fita daga titin. Titin na kwaso motoci da sauri ya juye su kan tsoffin titunan da dama a cushe suke, shi ya sa mafitar Museum Hill kan toshe da safe, layi ya koma har saman gada. Ƙofofin kuma da tazara a tsakaninsu. Ka wuce taka, sai ta gaba, ka ƙara kuɗi ka ƙara zagaye. Don haka a san mafitar tun kafin a hau.

Mai sammakon kama jirgi daga Westlands, kuɗinsa bai tafi a banza ba. Amma da tsakar dare ko safiyar Lahadi, titin ƙasa na kyauta ma ya wadatar, sai dai da damina ruwa kan kwanta a wasu sassansa.