Tsuntsun kwali mai kaɗa fukafukai da muka saya a Taminus

Littafin rubutu ya kai ni wani shagon kayan makaranta a Taminus, nan Jos, sai 'yata ta ƙyalla ido ta ga tsuntsun kwali a kan kantar shagon. Ana murza masa hannu, yana kaɗa fukafukai. "Baba, wannan nake so!" Naira 3,500, a warwatse cikin leda, kai za ka haɗa abinka.

Dabarar ta burge ni. Waya ce guda ɗaya aka lanƙwasa a tsakiya, ta ratsa akwatin da ke ƙarƙashin tsuntsun. In ka murza, lanƙwasar tana ɗaga wani siririn sanda tana sauke shi, kamar sandan ƙafar keken ɗinki, shi kuma yana ture fukafukan. Sai da na ɓata sau biyu na gane cewa in aka maƙala sandan kusa da kafaɗar tsuntsun, fiffike ya fi buɗewa sosai. Takardar bayanin ba ta faɗi haka ba, hotunanta ma sai ka sa tabarau.

Inda masu yin sa suka gaza shi ne kwalin, ya cika laushi. Da sanyin damina ya shige shi, cikin kwana huɗu ramin da wayar ke juyawa ya buɗe, tsuntsu ya koma ɗingishi da fiffike ɗaya. Na yanko guntun bututun shan lemo, na cusa a ramin, na ɗiga gam. Tun daga nan yake juyawa sumul.

Mai shagon dai mutumin kirki ne, ya ƙara mana waya kyauta. Amma yaro ɗan ƙasa da shekara goma ba zai iya haɗa shi shi kaɗai ba.