Rumfar gonar tuffa da ba ta sayar da abin da lokacinsa ya wuce

Duk wanda zai ziyarci yankin da ake noman itatuwan marmari a ƙasashen sanyi, shawarata ita ce ya wuce manyan shagunan bakin titi masu allunan talla, ya nemi rumfar da ke cikin gona. Irinta muka shiga ni da iyalina a tsakiyar watan Satumba. Rumfa ce ta katako a bakin wata gonar tuffa ta gida ɗaya. Suna sayar da amfanin gonarsu a ciki, kuma suna ba baƙo kwando ya shiga ya tsinka da hannunsa, in ya fito a auna masa.

Abin da ya fara saye ni shi ne wani allo a jikin bango, an rubuta da alli abin da ya nuna a wannan makon da abin da ya riga ya ƙare. 'Yata ta tambayi ceri, sai dattijuwar da ke kan sikeli ta ce mata sai baɗi in da rai, domin tun watan Yuli aka gama shi, sitiroberi kuwa tun kafin nan. Na ji daɗin wannan amsa ƙwarai. Ceri da sitiroberi da inabi ba sa ƙara zaƙi bayan an raba su da uwarsu, yadda aka tsinke su haka za su zauna har su lalace. Da ta ga dama da ta saro na wani wuri mai nisa ta jera mana, da yawanmu ba za mu gane ba sai mun kai baki.

Tuffa ce sarauniyar wurin a wannan wata. Mutumin da ya saba da iri uku ko huɗu na babban kanti zai yi mamakin jin cewa irin tuffa da aka sani a duniya ya haura 7,500. A nan ma ba su da ko kashi ɗaya cikin ɗari, amma abin da suke da shi sun san shi ciki da bai. Gala, wadda aka samar a New Zealand a shekarun 1930, tana nuna da wuri, mun same ta a kan ganiyarta. Akwai Honeycrisp da Jami'ar Minnesota ta Amurka ta fitar a 1991, in ka gatsa sai ka ji ƙaras, ruwa ya cika maka baki. Fuji ta Japan, wadda ta shiga kasuwa a 1962, da Granny Smith mai tsami da aka gano a Ostireliya a 1868, duk an ɗaure layukansu da igiya, an ce kada a taɓa sai Oktoba. Kowane iri an yanka shi a faranti domin ɗanɗano, ba wanda ya ɗaure mana fuska don mun ɗanɗana ba mu saya ba.

Bambancin ɗanɗanon yana da dalili. Tuffar da ake samu a kanti duk shekara, sau da yawa ta yi watanni a ma'ajiya mai sanyi, inda ake rage iskar oksijin daga kashi 21 cikin ɗari zuwa kusan kashi biyu domin a dakatar da nunarta. Dabara ce mai amfani, ita ta sa ake cin tuffa ko ba lokacinta ba. Sai dai ƙamshi yana raguwa, kuma wanda ya ci wadda aka tsinka da safe zai gane nan take.

Kafin mu shiga gonar, wani saurayi ya tsayar da mu ya koya mana tsinka. Ba a fizga. A tallafo ta a tafin hannu, a ɗaga sama, a ɗan murɗa, in ta nuna za ta sako da kanta. Wanda ya fizga yakan karya ɗan guntun reshen da zai yi fure baɗi, ya jawo wa mai gona asarar da shi bai gani ba. Bishiyoyin gajeru ne, yaro ma yana kaiwa, ba a bukatar tsani. Dukkansu 'yan aure ne kamar mangwaro, saboda ƙwallon tuffa in an shuka shi ba ya haifar da irin uwarsa. Na lura an cakuɗa iri daban-daban a layuka maƙwabta, da akwatunan zuma a gefe, sai saurayin ya ce yawancin tuffa ba ta 'ya'ya sosai sai ƙudan zuma ya kawo mata garin fure daga wani iri. Zumar da ke rumfar daga waɗannan akwatuna take, kuma ita ce abu na biyu da zan ce kowa ya saya.

Fiyarsu, irin ta ƙasashen sanyi mai ruwa, da tauri suke sayar da ita, kuma haka ya dace, don daga ciki take fara nuna, in an bar ta a bishiya sai cikin ya ruɓe bayan yana nan lafiya. A ajiye ta a ɗaki, a riƙa danna wuyanta da babban yatsa, ranar da ya ɗan lotsa ranar za a ci. Masara ɗanya da tumatir da kabewa duk sabbi ne, ba ni da ƙorafi a kansu.

Inda suka gaza kuma sai na faɗa. Kantar da ke can ciki cike take da kwalaben jam da alewa da kayan tsaraba da ba a gonar aka yi su ba, an jera su kusa da nasu ba tare da wata alama ba, sai ka juya kwalba ka karanta. Wurin da ya yi gaskiya a kan ceri bai kamata ya yi sakaci a nan ba. Haka ruwan tuffa: akwai zalla wanda aka matse, akwai wanda aka bari ya zama barasa, kwalabensu sun yi kama kuma a firiji ɗaya suke. A tambaya kafin a ɗauka. Ranar Asabar muka je, layin awo ya yi tsawo, sikeli ɗaya ne, ga ba wurin zama ga tsofaffi.

Duk da haka zan koma, amma a tsakiyar mako da sassafe. Wanda zai je ya kira su tukuna ya ji abin da ya nuna, domin sanyi ko ruwa kan ja lokacin gaba ko baya. Ya sa takalmi rufaffe, kuma in ya dawo gida kada ya haɗa tuffa da ganye wuri ɗaya, iskar etilin da take fitarwa tana sa su yaushi da wuri. Waɗannan watanni na arewacin duniya ne. A Afirka ta Kudu ko New Zealand, girbin tuffa daga wajen Fabrairu yake zuwa Mayu.