Gudun fanfalaki da cutar MS: me za a fara saya?

Ƙanena na fama da cutar da likitoci ke kira MS, wato maltiful sikilerosis. Ba sikila ba ce, kodayake a ƙauyenmu na wajen Ringim har gobe akwai masu yi masa jajen sikila. Ita wannan, garkuwar jiki ce ke afka wa rufin jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na laka, sai saƙo ya riƙa makara a hanya. Da ya ce zai koma gudu, har yana hangen gudun fanfalakin Legas mai kilomita 42.195 da aka faro a Fabrairun 2016, ni aka ɗora wa sayayyar kaya. Na yi asarar kuɗi kafin na gane kan abin.

Kowa da takalmi yake farawa. Ni kuwa na ce a fara da maganin zafi. Tun 1890 wani likitan ido Bajamushe, Wilhelm Uhthoff, ya lura cewa ganin masu cutar nan na dusashewa in sun motsa jiki; daga baya aka gano ɗumamar jikin ce sila. Ƙarin rabin digiri ma kan isa ƙafa ta yi nauyi, in jiki ya huce kuma ta saki. To ina ga ƙasar da bazara ke haura digiri 40?

Rigar ƙanƙara ta 'yan waje, mai aljihunan da ake cusa ledojin ƙanƙara, tana sanyaya jiki ƙwarai. Amma ga nauyi, ga tsada, ga shi sai da firiza. Mu da ke kai waya caji shago, ina muka ga firiza? Tamu tana nan rataye a ƙusa, gizo-gizo ya yi gida a hammatarta. Akwai kuma wadda ake tsomawa a ruwa a matse. Ba ta neman wuta, kuma busasshiyar iskarmu ta hunturu da bazara ita ce abincinta, don ƙafewar ruwan ne ke janye zafin. Da damina, iska ta jiƙe, ƙarfinta kan ragu.

Sai dai aikin da take yi, tsohon rawanin Baba ma yana yi. A tsoma shi a randa, a naɗa a wuya da ka, a sake jiƙawa in ya bushe. A haɗa da fiya wata mai ƙanƙara da aka saya tun dare aka adana a kula, a riƙa kurɓa a hanya. Wannan na zaɓa, kuma kuɗin da ya yi saura shi ya tafi ƙafa.

A ƙafar ne na tafka kuskure. Ƙanena na jan yatsun hagu in ya gaji, gaban ƙafar ba ya ɗaguwa, ɗan tudun kunya ma sai ya kayar da shi. Akwai abin tallafe da ake ɗaurawa daga sangali zuwa tafin ƙafa. Na roba ya fi araha amma yana da tauri, ya fi dacewa da tafiya. Na zaren kabon ba shi da nauyi kuma yana ɗan tsalle, sai dai kuɗinsa ba na wasa ba ne. Da irinsa Cheryl Hile, Ba'amurkiya mai MS, ta yi gudun fanfalaki a nahiyoyi bakwai. Kada a saya da ka: a je Asibitin Ƙashi na Dala a auna. Kuma a fara samunsa kafin takalmi, don cikin takalmin yake shiga. Ni na yi akasin haka, takalmin ya ƙi ɗaukarsa.

Gwanjo ko sabo? Takalmin gudu kan mutu tsakanin kilomita 500 zuwa 800, kuma na Ƙofar Wambai ba ya zuwa da lissafin tafiyar da ya yi. In dole sai gwanjon, a danna tafinsa da babban yatsa; in ya ƙi dawowa, ko gefe ɗaya ya cinye, a ajiye wa mai shi. Sabo marar suna mai sauƙi, mai ɗagaggen baki, ya fi tsohon Nike da ya sha duniya. A gwada da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, sanye da abin tallafen.

Agogon ƙirga bugun zuciya? Ya jira. Gara safa biyu masu kauri, don wanda tafinsa ke dindiris ba zai ji ƙarangiya ko bororo ba sai ya cire ya duba.

Yanzu ana sallame asuba yake fita, ni ina biye a keke da kula da jarkar ruwa. Likitansa na jijiya a Kano ya ce in nauyin ƙafar ya wuce awa 24 bai saki ba bayan jiki ya huce, mu taho asibiti. Shi ya sa kuɗin motar Ringim zuwa Kano ke ninke a ƙasan akwatin Inna, ba a taɓa shi.